Gwangwanin da Aka Tono a Gindin Raga

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta ranar da na kama ɗan asiri a filin ƙwallonmu na Jega. Ni ne mai kula da filin: makulli a hannuna yake, ni ke zuba farar ƙasa a layi, ni ke korar awaki. A shekarar aka ce wata ƙungiya daga Nijar za ta zo wasan sada zumunci, kuma tsakanin filinmu da na Aliero za a zaɓi mai karɓar baƙi. Ofishin wasanni zai turo mai duba fili ranar Alhamis.

Daga ranar na daina yarda da kowa. Mai rake ya jingina da katanga, na ce leƙen asiri ya zo. Raƙumi ya gifta ta bayan raga, sai da na bi sawunsa. Na riga na sa wa raina cewa mutanen Aliero za su binne mana abin da zai sa a ƙi filinmu (kada a tambaye ni hujja, ba ni da ita).

Ranar Laraba da hantsi na hango wani baƙo tsugune a gindin raga, yana caka sandar ƙarfe a ƙasa yana rubutu a ɗan littafi. Na dubi mashin ɗinsa, ga ƙullin albasa ɗaure a baya. Albasa! A ƙasar nan wa bai san Aliero ce garin albasa ba? Ban yi sallama ba, na shaƙo wuyan rigarsa.

"Mi kaka binnewa nan? Wa ya aiko ka?"

"Malam, sake ni," in ji shi. "Sunana Mista Yohanna, daga ofishin wasanni. Taurin ƙasa nake gwadawa. Na gama da Aliero da wuri, shi ne na biyo."

"Kun jiya! Da bakinai ya ce Aliero!"

Kafin ka ce me, mahauta da 'yan kabu-kabu masu haya da mashin sun cika wurin. Ya nuna kati, na ce irin wannan ko ni zan iya bugowa. Aka kira Alhaji Garba, ciyaman ɗin kwamitinmu. Yana zuwa ya gane mutumin, ya hau ba shi haƙuri yana hararata. Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ƙara ɗaga murya.

"Alhaji, ko gwamna na, sai an tone wurin ga!"

Na ɗauko fartanya da kaina. Sara kaɗan, sai ƙarfe ya yi ƙara. Na zaro gwangwanin madara naɗe da baƙin zare, na ɗaga sama jama'a suka ɗauki salati. Wallahi na ji daɗi, har wani tsayi na ji na ƙara.

Mista Yohanna ya gyara wuyan rigarsa, ya ce a hankali, "Malam, abin da na binne yau ne ya yi wannan tsatsar? Har saiwar ciyawa ta ratsa shi?"

Na dubi gwangwanin da kyau. Na san zaren nan. Shekarun baya, ana jibi wasanmu da Maiyama, wani mai asiri a ƙauyen Gehuru ya haɗa min shi, ni na binne da hannuna, na manta sarai. Na yi ƙoƙarin tura shi aljihu, Alhaji Garba ya fizge. Ya ɓalle murfin, ya warware takardar ajami, ya karanta da ƙarfi kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Sunana ne, ɗan wance, da cikakken sunan mahaifiyata.

Can wani mahauci ya ce, "Wasan Maiyama? Ba shi na munka sha ukku ba?" Dariya ta fashe, har da Mista Yohanna. Na so ƙasar da na tona ta haɗiye ni.

Ya rubuta rahotonsa: ƙasa mai kyau, raga mai kyau, ba tsaro ga jami'ai. Aliero ta karɓi baƙin, mutanen Jega suka biya mota suka je kallo, suna tsine min a hanya.

Duk wannan bai kai na gida zafi ba. Kafin la'asar labari ya riga ni isa. Na tarar da Inna tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sunan da ko ubanka bai kira ba," in ji ta, "shi ka kai awaki na takawa? Kuma anka ci ku?"

Har yau ban daina zargin mutane ba, hali ne. Amma yanzu kafin in ce a tona, sai na zauna na tuna abin da ni na binne.