Shaƙuwar Babur ɗin Baba

"Ni dai inji bai taɓa ɓoye mini sirri ba," in ji Na-Sani. "Ko daga bayan katanga na ji kukan babur, sai in gaya maka abin da ke damunsa, har in gaya maka wanda ya ja masa."

A tsakar gidan surukinsa ya yi wannan magana, ya harɗe ƙafa yana kaɗa makulli a yatsa. To, kai da ba ka san shi ba, Na-Sani magatakarda ne a wani ofis, aikinsa buga hatimi. Sunan kuwa abokan aiki suka laƙa masa, don kafin ka kai ƙarshen zance ya riga ya ce, "Na sani." Iyakar kusancinsa da sifana shi ne ya taɓa ganin ta a hannun wani.

Surukin nasa, Baba, yana da tsohon babur wanda ya girmi matar Na-Sani da shekara biyu. Kwanan nan ya tsiri wani hali: ya tashi lafiya, ya yi tafiyar minti goma lafiya, sai ya kama fizge-fizge kamar mai shaƙuwa, ya mutu. Ga shi ranar Alhamis da ƙarfe goma Baba zai ga likitan ido, layin da ya yi wata huɗu yana jira. In ya makara, sai kuma wasu wata huɗun. Mota kuwa ba ya shiga, amai take sa shi.

"A kai wa bakanike, ɗana," in ji Baba.

"Haba Baba! Ina raye? Ni zan gyara, ni kuma zan kai ka har ƙofar likita."

Matar Na-Sani ta ce, "Maigida, ka tuna fankarmu."

"Fanka daban, babur daban."

Ran Litinin ya hau don gwaji. Minti goma cif, babur ya shaƙe a bakin titi. Na-Sani ya sauka cikin natsuwa irin ta manyan likitoci. Ya fara buɗe murfin tanki ya ga ko akwai mai. Murfi ya ce "fuus". Ya leƙa, ga mai nan, ya rufe. Ya kara kunne a jikin inji, ya ƙone kunnen kaɗan, ya gyaɗa kai.

"Fulogi ne."

Ya sayo sabo ya ɗaura, ya buga kik sau ɗaya, babur ya tashi garau. Ya dawo gida yana tafe kamar wanda ya ci yaƙi.

"Baba, an wuce wurin. Fulogi ne, tun daga nesa na ji."

Ran Talata, minti goma, shaƙuwa ta dawo. Ya buɗe murfi, "fuus", ya leƙa, ya rufe. Wannan karon ya ce kafireto ne, wato inda mai da iska ke haɗuwa. Ya turo babur gida, ya ari babban farantin matarsa, ya zazzage cikin kafireto a kai, ya wanke kowane ɗan ƙarfe da buroshin haƙori. Da ya mayar, sai ga wani ɗan sifirin ya rage a faranti yana kallonsa.

"Wannan fa?" in ji matar.

"Ƙari ne. Kamfani kan saka ɗaya don gwada bakanike."

"Ka ci jarrabawar ke nan?"

"Ke dai kawo ruwa in wanke hannu."

Babur ya tashi. Tashin dai da ɗan gurnani, amma ya tashi, Na-Sani kuwa ya ce gurnanin alamar ƙarfi ne.

Ran Laraba, da shaƙuwa ta sake dawowa, ya buɗe murfi, "fuus", ya rufe, ya yanke hukunci cewa wayoyi ne suka tsufa. Ya yanyanke su, ya sake ƙulla su da salatif bisa tsarin da ya ce ya fi na kamfani ma'ana. Babur ya tashi. Sai dai yanzu in ka taka birki hon ne ke kuka, in ka danna hon fitila ta kama.

Baba ya saurara, ya ce, "Ɗana, da can ba ya haka."

"Na sani, Baba. Tsaro ne. Duk wanda ke bayanka zai ji ka tsaya."

Safiyar Alhamis Baba ya sha wanka, ya sa takardar asibiti a aljihu, ya hau baya da ƙyar saboda gwiwa. Na-Sani ya cika tanki fal, ya bi wata hanyar bayan gari da ya ce yanke ce. Hanya ce da ba mota ba keke, sai wani mai faci a gindin bishiya yana jiran Allah ya kawo ƙusa. Daidai gabansa babur ya yi fizga uku, ya mutu.

"A duba mai?" in ji Baba.

"Ni na cika shi da hannuna, Baba. Yau ba sai an duba ba."

Bai taɓa murfi ba. Ya cire fulogi ya hura, ya mayar, ya buga kik: shiru. Ya jijjiga wayoyi, hon ya amsa, inji bai amsa ba. Ya buga kik har takalminsa ya fita. Sai ya shimfiɗa hankici a ƙasa, ya sake zazzage kafireto.

Mai faci ya gaji da kallo, ya taso yana jan silifas.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Sai ya yi 'yar tafiya yake shaƙewa?"

"Na sani."

"In an buɗe tanki kuma ya dawo daidai?"

Na-Sani ya buɗe baki. A karo na farko a rayuwarsa, abin da ya saba faɗa bai fito ba.

Mai faci ya murɗe murfi. "Fuus." Ya juya shi, ya nuna wani ɗan rami kamar na allura da tsatsa ta toshe. Ya tsinci guntun waya a ƙasa ya soka, ya hura.

"Ta nan tanki ke numfashi. In ya toshe, mai ba ya sauka. Shi ke nan ciwonsa, Baba. Ku mayar da kafireto ku kama hanya."

Aka juya ga hankici. Ashe garin ɗauko takalminsa da ya fita, Na-Sani ya taka gefensa, rabin 'ya'yan kafireto sun shige cikin yashi. Shi da mai faci suka duƙa suna tonon ƙasa kamar kaji. Aka samu noti biyu da murfin kwalba.

Mai faci ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Ciwon babur dai na warkar da shi. Gyaran da aka yi masa ne ya fi ƙarfina."

Baba ya ɗaga agogo ya kai dab da idonsa mai gani. Tara daidai. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya dai koma kan babur, wannan karon a gaba, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya gyara zama.

"Ɗana, ka ce har ƙofar likita."

Daga nan zuwa asibiti tafiyar kilomita uku ce, biyu daga ciki hawa. Na-Sani ya tura. A kilomitar farko yana bayani cewa dama ya yi zargin murfin, yana so ne ya kawar da sauran zarge-zarge tukuna. A ta biyu bayanin ya koma guntu-guntu. A ta uku babu abin da ke fita daga bakinsa sai iska. In sun zo gangara Baba ya taka birki, hon ya tsala kuka, mutane su fito daga shaguna su ga wa ke wucewa. Har wani abokin aikinsa ya ɗaga masa hannu daga ƙofar shagon aski.

Goma saura minti biyar suka iso. Riga ta manne wa Na-Sani a baya, harshe waje. Mai gadin asibiti ya taimaka wa Baba ya sauka.

"Sannu Baba. Babur ne ya lalace?"

"Ina! Shekara talatin ina hawansa, bai taɓa tafiya sumul kamar yau ba. Sabon inji na sa masa. Da farko surutu ya yi masa yawa, amma da ya yi zafi ya daina."

Ya ciro takardarsa, ya nufi ƙofar likita. Sai kuma ya waiwayo ya nuna Na-Sani.

"Don Allah ka ajiye mini shi a inuwa, a ɗan zuba masa ruwa. Shi zai mayar da ni gida."