Yadda Ake Zaɓar Fim Mai Ban Tausayi Don Sa Tsohon Makanike Kuka

Kana da uba mai busasshen ido, wanda tun da ka yi wayo ba ka taɓa ganin ɗigon hawaye a fuskarsa ba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ina tabbatar maka kafin mako ya ƙare sai ya nemi hankici. An gwada su a gidan maƙwabcina Dogo, kuma sun yi aiki, duk da dai ba ta hanyar da muka tsara ba.

Mataki na ɗaya: Ka sami dalili

Kada ka sa dattijo kuka don nishaɗi, rashin kunya ne. Dogo yana da hujja. Ƙanwarsa Auta ta sami aiki a wani gari mai nisan yini guda, ranar Asabar za ta tuƙa motarta ta tafi. Mama ta yi kuka, shi ma Dogo ya yi ƙwalla. Baba kuwa, tsohon makanike da ya ajiye aiki, "To" kawai ya ce, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

"Yaya, ni fa na san bai damu ba," in ji Auta. "Da akwatin kayan aikinsa ne zai bar gidan nan, da ka ga tashin hankali."

Maganar ta soki Dogo. Ya ƙudura ba za ta tafi da wannan tunani a ranta ba. Tunda Baba ba ya magana, fim zai yi masa.

Mataki na biyu: Ka fara da asibiti

Zaɓi fim da wani ke mutuwa a hankali, ga kiɗa mai jan rai, ga ruwan sama yana dukan taga. Masana, wato ni, sun gano cewa ruwan sama yana yi wa ido rabin aiki.

Ranar Talata da yamma Dogo ya tara kowa a falo, ya tura kwalin tishu kusa da gwiwar Baba. Ana garzayawa da majinyaci asibiti, Mama ta fara jan majina, sai Baba ya karkata kunne.

"Motar asibitin nan fambel ɗin injinta ya saki. Ji ƙara! Wannan ko mai lafiya ta ɗauko ba zai kai ba."

Mataki na uku: Ka ƙara nauyi

Idan mutuwar mutum ɗaya ba ta isa ba, nemo fim ɗin wanda ya rasa mata da gida da aiki a rana guda. A wanda Dogo ya kawo, har motar mutumin ta mutu a daji, ya zauna a gefen hanya yana rusa kuka. Mama ta gama da rabin kwalin.

"Kuka ne zai tayar da ita?" in ji Baba. "Buɗe bonet, malam! Kan batir ne kawai ya yi datti."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Idan ka ga haka, kada ka karaya: dariya ma tana kawo hawaye, sai dai ba irinsu muke nema ba.

Mataki na huɗu: Ka cire mota gaba ɗaya

A nan Dogo ya gane kuskurensa. Makanike ba ya kallon fim, sauraron inji yake. Sai ya kawo labarin wani masunci na zamanin da, wanda kwalekwalensa ya nutse da 'ya'yansa uku. Babu taya, babu sitiyari, baƙin ciki zalla.

Kafin a binne na farko Baba ya fara minshari.

Mataki na biyar: Ka fid da rai

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma ba a koyar da shi a ko'ina. Ranar Juma'a Dogo ya haƙura, ya danna duk abin da hannunsa ya faɗa a kai. Wani fim ne mara nauyi: yarinya za ta tafi karatu, ubanta yana bakin ƙofa yana ɗaga mata hannu, mota ta ja.

"Tsayar," in ji Baba. "Maido baya."

Dogo ya maido.

"Kun ji? Birki ya cinye. Tayar baya kuma ba iska. Shi yana tsaye yana ɗaga hannu! Wane irin uba ne wannan? A haka ake barin yarinya ta hau titi?"

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya miƙe, ya fice tsakar gida ko takalmi bai sa ba.

Mama ta dubi Auta. "Tun ranar da kika faɗa masa yake shigewa ƙarƙashin motarki da sassafe, kina barci. Ya ce in na gaya miki ba ni ba shi."

Auta ta fita. Ƙafafun Baba kawai ake gani daga ƙarƙashin motar. Tayoyi huɗu sababbi fil, a bayan motar kuma ga akwatin kayan aikin nan da bai taɓa ara wa kowa ba, ya manna wa kowace sifana takarda da rubutunsa, ta me ce, a ina ake sa ta.

"Baba, kuka kake?"

"Mai ne ya ɗigo min a ido. Miƙo min sifana lamba sha biyu."

Ta miƙa masa. Sannan ta jawo kwali ta shimfiɗa, ta shige gefensa.

Mataki na shida: Ka ja bakinka

Idan ka leƙa ka ga ƙafafu huɗu a ƙarƙashin motar, aikinka ya ƙare. Kada ka yi tafi, kada ka ɗauki hoto.

Gargaɗi

Babu ruwan marubucin nan da tishun da Mama ta ƙarar, ko rigar Auta da ta ɓaci, ko fina-finan da ba za ka ƙara iya kallo ba tare da ka saurari inji ba. Haka kuma, idan kana tsaye can bakin ƙofa, kamar Dogo, ka ji mai ya ɗigo maka a ido kai ma, motar za ka tuhuma.