Mafakar Mutum Ɗari Biyu da Keken Yaya Opal

Tun farkon watan Maris maganar take yawo a unguwarmu ta gidajen tirela, wato gidajen kwano marasa tushe da ake jawowa da mota. Wai mafakar guguwa da ke ƙarƙashin zauren baje koli ta tashi daga tamu. Wai manya sun canza kwaɗo, sun cika ta da naman gwangwani da zuma da barguna, don ranar da sama ta yi baƙi su shige da iyalansu, su bar mu a waje muna dafe da huluna. Maƙwabcina Merle ne ya kawo mini labarin ta kan shinge, yana rage murya kamar tumatirina ma 'yan leƙen asiri ne.

"Malama Verna, da idona na ga motar kaya a bayan zauren. Tun safe har yamma kwalaye ake saukewa."

"Ka ga abin da ke ciki?"

"Sai na gani? Me gwamnati za ta ɓoye a kwali in ba abinci ba?"

Merle mutumin kirki ne, shi yake gyara mini famfo. Amma ya yi imani gwamnati tana sauraronsa ta cikin mitar wuta. Ni kuwa shekara talatin da huɗu na koyar da lissafi a garin nan, kuma rabin masu zama a ofisoshin ƙaramar hukuma ta ajina suka bi. Yaran da suka kasa ɓoye mini takardar satar amsa a cikin safa, ban ga yadda za su girma su ɓoye wa gari guda rumbu ba.

Da don ni kaɗai ce, da na bar maganar a shinge. Amma yayata Opal tana zaune tare da ni, shekararta tamanin da ɗaya, kuma tun faɗuwar da ta yi bara keken guragu ne ƙafarta. Gidan tirela kuwa, in guguwar Oklahoma ta zo da gaske, gwangwanin kifi ya fi shi nauyi. Daga ƙofarmu zuwa zauren minti huɗu ne a mota, sau uku na gwada da agogo. Duk shirinmu a kan mintunan nan huɗu ya rataya, da kuma allon da ke jikin bangon zauren mai cewa mafakar tana ɗaukar mutum ɗari biyu.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi baje kolin bindigogi da kayan shirin ko-ta-kwana a zauren. Shekara ashirin ban fasa zuwa ba. Can nake sayen murafen kwalabe da irin wake, da harsashin tsohuwar bindigar marigayi mijina, wadda ita ce ke sasanta tsakanin kajina da karnukan daji. Na ce wa Opal yau zan leƙa ƙasa. Ta laluba kwandonta, ta miƙo mini tef ɗinta na ɗinki.

"Faɗin keken nan inci ashirin da shida ne. Ki auno mini, Verna. Kada ki dawo da 'ina jin zai shiga'."

A bakin ƙofa, kamar kullum, duk mai bindiga sai an ɗaure masa kunamarta da igiyar roba. Ni sandar dogarawa kawai na riƙo. Delbert mai kula da zauren, tsohon ɗalibina wanda yanzu furfurarsa ta kusa kamo tawa, ya dubi sandar, ya dubi fuskata, ya tuna wani abu daga ajin lissafi, sai ya ɗaura mata igiya ita ma.

"Don kwanciyar hankalin jama'a, Malama."

Ciki kuwa ba masaka tsinke, ƙamshin man bindiga da na gasasshen nama sun haɗu. Wani mai gemu ya tare ni da farin bokiti.

"Mama, abincin da ke cikin nan shekara ashirin da biyar zai yi bai lalace ba."

"Ɗana, dube ni da kyau. Ba ka da na shekara biyar?"

Bai da shi. Na wuce mai sayar da wuƙaƙe, na wuce mai tace ruwan kududdufi yana sha a gaban jama'a, har na isa rumfa mafi kyau a zauren. Nan ne fadar Mai Girma Garkuwan Talakawa, sabon shugaban shirin gaggawa na ƙaramar hukumarmu. A bayansa an kafa hotonsa mai tsayin mutum biyu, yana nuna wani gajimare da yatsa kamar yana ba shi wa'adin barin gari. A gabansa tulin ƙasidu ne masu sheƙi da kwandon usur. Gaskiya a yaba masa, bawan Allah ba ya rowar usur, tun kafin in yi magana ya miƙo mini ɗaya.

"Ranka ya daɗe, mafakar da ke ƙarƙashin ƙafarmu a shirye take?"

"Ɗari bisa ɗari, Mama. Ga shi nan a shafi na biyu."

"Na iya karatu, ni na koya wa mataimakinka raba lamba. Kai ka taɓa shiga?"

"An kafa kwamitin da zai kai ziyara."

"Taku talatin ne daga nan, ranka ya daɗe. Ko da sanda."

Ya yi murmushin nan nasu na hoto. "Shi ya sa muke cewa, Mama, a kwana ukun farko kowane ɗan ƙasa ya dogara da kansa." Ya ƙara mini usur na biyu.

Jama'a, ni za a yi wa wa'azin dogaro da kai? Ina da kwalaben tumatir da za su kai mu baɗi, ina da rijiya, ina da fitilar kananzir da ta girmi Mai Girma. Abu ɗaya ne ban iya dafawa in zuba a kwalba ba, shi ne rami mai rufin kankare. Shi kaɗai na nema a wurin hukuma, shi ma da harajinmu aka haƙa.

Muna tsaye sai jiniyar gari ta gargaɗin guguwa ta ɗauka, gwajin ƙarfe goma sha biyu na kowace Asabar. Mai Girma ya ɗaga yatsa kamar na hotonsa, ya ce, "Kin ji ko?" Na ji. Amma in akwai hadari ba a gwajin, wai kada a tsorata mutane. Ke nan abin da muka tabbatar shi ne jiniyarmu tana aiki a ranar da sama take tas.

Na koma wurin Delbert, Merle, da na ci karo da shi a cikin zauren, yana biye da ni da sabuwar wuƙar da ya saya.

"Delbert, makullin ƙasa."

"Malama, sai da izini a rubuce."

"Har yanzu takardar jarrabawarka ta ƙarshe tana gidana. Matarka ta san makin da ka ci?"

Ya ciro makullin daga ƙugunsa.

Muka zagaya baya, muka bi gangaren da aka yi wa masu keke. Kwaɗon ya ƙi buɗuwa. Merle ya ce, "Kin gani? Sun canza." Delbert ya ce ba wanda ya canza komai, tsatsa ce. Sai da Merle ya koma ciki ya aro man bindiga muka ɗiga masa, sannan ya saki.

Delbert ya kunna fitila. Kwalaye ne daga ƙasa har rufi, dama da hagu, sai 'yar siririyar hanya a tsakiya. Fuskar Merle ta yi haske, irin na mutumin da ya shekara talatin ana yi masa dariya yau gaskiyarsa ta fito. Ya zare wuƙa ya farke kwalin farko. Ƙasidu. Ya farke na biyu. Ƙasidu, da fuskar shugaban da ya sauka bara. Ya kutsa ciki da gefe, ya farke wani can. Ƙasidu, da fuskar wanda ya rasu shekara tara da suka wuce, yana nuna nasa gajimaren.

Delbert ya sosa ƙeya. Ya ce duk shugaban da ya hau sai an buga sababbi da hotonsa. Tsofaffin kuma kayan hukuma ne, ba a zubarwa. Kuma duk garin nan babu wuri mai aminci da ruwa ba ya shiga kamar nan.

Na ɗauki ɗaya na buɗe shafi na biyu. An rubuta da manyan baƙaƙe: da zarar ka ji jiniya, garzaya mafaka.

Merle ya zauna a kan kwali, wuƙar tana cinyarsa. "Ko gwangwani ɗaya, Delbert?"

"Ko ɗaya."

Na tausaya masa, don ni ma da makircin ne da na fi samun natsuwa. Mai makirci aƙalla yana share ɗakin da zai ɓuya a ciki. Na ba Delbert bakin tef ya riƙe, na auna hanyar a wuri uku, na rubuta a bayan ƙasidar.

Na hau sama na shaida wa Mai Girma abin da na gani. Ya saurara da kyau, ya gode mini a madadin al'umma, ya ce lamari ne babba da ya kamata jama'a su sani, kuma za a buga ƙasida a kai.

Da na isa gida na tarar da Opal a bakin taga tana kallon yamma, inda hadarinmu yake tasowa. Na ajiye mata usur ɗaya a cinya. Ba ta ko dube shi ba.

"Nawa?"

Ga abin da na faɗa mata, kuma shi nake faɗa muku. Babu nama, babu zuma, babu bargo. Kwaɗon shi ne na da. Mafakar cike take da ƙasidun shugabanni huɗu. Wurin da ya rage yana ɗaukar mutum uku a tsaye. Hanyar da ke tsakanin kwalayen inci goma sha tara ce. Keken Opal inci ashirin da shida ne.