Furen Dije

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan, ko da kuwa na so. Har yau in na ji ƙarar lasifika, ko ta masu tallan magani ce a tashar Gusau, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Bara na gama sakandare, sakamakona bai kai in wuce gaba ba, sai Yaya Luba da ke aure a Gusau ta ɗauko ni daga Bungudu ta samo mini koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi. Tun da aka ba mu jiha garin ya cika da baƙi, ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da yaransa, don haka ajina ya tara iri-iri. Aji biyu aka ba ni. Yara suna ce mini Anti, ni kuma ina amsawa da ƙasaita (ni da har lokacin Yaya Luba ke gyara mini ɗaurin ɗankwali kafin in fita).

Madam, mai makarantar, ta je wani taro Kaduna ta dawo mana da sabon abu: Ranar Uwa. Ta ce kowane yaro zai yanka fure da kwali, ya shafa masa launi, a gayyato iyaye mata, a kira yaro ta lasifika ya je ya miƙa wa mahaifiyarsa a gaban jama'a. Tsofaffin malamai suka kalli juna. Ni ce na fara tafi. Har waƙa na tsara wa ajina, duk baitocinta a kan wata tara na ciki da shan nono, muna rerawa kullum har maigadi ya haddace.

Kuma kada ku ɗauka ban yi tunani ba. Na yi, shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai. Akwai Usman da mahaifiyarsa ta rasu, na je har gidansu na roƙi kakarsa ta zo. Akwai Emeka da uwarsa ke sayar da kwanuka a kasuwa, na lallaɓe ta ta yarda ta rufe shago rabin yini. Madam ta yabe ni a gaban malamai, ta ce ga yarinya mai lura. Na yi mako guda ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro hankali.

Sai Dije. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, siririya, mai surutu, kitsonta ba ya tsufa. Hajiya Rabi, mai sayar da atamfofi a gida, ita ke kawo ta da safe ta riƙe mata jaka har bakin aji, ita ke zuwa ɗaukarta. Dije ba ta da zance sai Mama ta ce, Mama ta saya mini, Mama ta hana.

Ana saura 'yan kwanaki bikin, na raka Innarmu suna a 'Yandoto, can kusa da Tsafe, wajen danginta. Muna zaune a tsakar gida wata dattijuwa ta ji an ce ina koyarwa a Gusau, ta tambayi sunan makarantar, sai ta nuna wata mata da ke tuƙa tuwo a gefe ta ce ai kuwa ɗiyar Sahura tana can. Ta ce Dije 'yar farin Sahura ce, Hajiya Rabi yayar mijinta ce, Allah bai ba ta haihuwa ba, da aka yaye yarinyar aka ba ta riƙo. Na waiwaya da murna na ce wa Sahura 'yarta tana da ƙoƙari sosai. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ci gaba da tuƙinta kamar da tukunya nake magana. Na ce a raina, kai, matan ƙauye da kunya. Ban tambayi kowa ko Dije ta sani ba. Ni dai na ɗauka abin da aka faɗa a gidan suna, duniya ta gama ji.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera kujerun roba, ga zoɓo ga cincin, ga zafi kamar a tuɓe riga. Mata suka cika, Hausawa da Yarabawa da Ibo, kowa ta ci ado. Ina leƙowa daga aji sai na hango Hajiya Rabi a sahun gaba, kusa da ita kuma Sahura, ta lulluɓe da mayafi ta sunkuyar da kai. Na ce Allah sarki, tun daga 'Yandoto ta taso don ta karɓi furen 'yarta. (Asibiti ta zo, ciwon haƙori. Ta sauka gidan Hajiya, Hajiya ta ce ta rako ta maimakon zaman kaɗaici. Wannan duk daga baya na ji.)

Da aka zo kan ajina Madam ta miƙo mini lasifika. Ban taɓa riƙe ta ba. Muryata na dawo mini daga bangon makaranta kamar ta wata. Yara suka rera waƙar wata tara, aka tafa. Na kira Emeka, ya ruga ya faɗa jikin uwarsa. Na kira Usman, kakarsa ta karɓa tana share hawaye, mata suna ta sa mini albarka. Nan kaina ya ƙara girma.

Na kira Dije. Ta fito da furenta ja, wanda ta ɓata kwana biyu tana gyara masa ganye, ta nufi Hajiya Rabi kai tsaye. Hajiya ta riga ta gyara zama, ta miƙo hannu biyu, fuskarta duk murmushi.

Ni kuma, mai lura, na bi ta da sauri na kama kafaɗunta na juya ta. Lasifika tana bakina.

"Ba nan ba, Dije. Ga wadda ta haife ki nan, ita za ki ba."

Hannun Hajiya Rabi suna nan a miƙe, ba ta janye ba, kamar ta manta nata ne. Dije ta kalli Sahura, ta kalle ni, ta yi 'yar dariya don ta ɗauka wasa nake, ta ce ai wannan Inna Sahura ce, matar Baba na ƙauye. Da ina da sauran hankali da nan na ce na yi kuskure. Maimakon haka na ƙara tura ta gaba ina cewa ta miƙa mana, kada ta ji kunya.

Sahura ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya kai gefe. Ba ta kalli yarinyar ba ko sau ɗaya. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malama, kai yarinyar ga wurin uwatta."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni da na tashi a gidan da Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya Luba ba don ita ce 'yar fari, sai dai ta ce "waccan" ko "ke". Ni da na san ko ruwa Yaya ta miƙo mata a gaban baƙi, ba ta karɓa. Ni ce na tsaya a gaban taro ina tilasta wa mace ta karɓi fure daga hannun 'yar farinta, ina kuma ƙwace shi daga hannun wadda ta raine ta.

Dije ta ɗago kai. Bakinta na daidai lasifikar da na sauke, don haka har masu zoɓo a baya sun ji.

"Anti, Mama ba mamata ba ce?"

Furen ya faɗi ƙasa. Hajiya Rabi ta miƙe a hankali, ta gyara gyalenta, ta kama hannun Dije, suka bi ta tsakiyar kujeru suka fita. Da ta tsaya ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Madam ta fizge lasifika ta ce 'yan aji uku su fito da rawa. Ni kuwa na shige bayan aji na tsuguna. Ina jin uwar Emeka tana tambayar wata da Hausarta me yarinyar nan ta yi, ana yi mata bayani.

Litinin Dije ba ta zo ba. Talata ma haka. Kujerarta na kallona ina kallonta. Madam ta kira ni ofis ta yi faɗan da ban ji rabinsa ba, domin ba aikin nake tsoro ba. Tsorona kada yarinyar nan ta daina ce wa Hajiya Mama, ya zama ni ce sila. Abinci ya ƙi shiga. Yaya Luba ta ce wannan ya fi ƙarfinmu, ta aika Bungudu a kira Inna.

Inna ta iso, ta saurara har ƙarshe, ta dube ni ta ce ashe boko har kunya yake wankewa. Ta ce in ɗauko mayafi.

Hajiya Rabi ta karɓe mu a ɗakinta, ta sa aka kawo ruwa, suka gaisa da Inna doguwar gaisuwa kamar ba abin da ya faru, ni ina durƙushe a bakin ƙofa gwiwoyina na zugi. Inna ta ba da haƙuri, ta ce yarinta ce. Sai Hajiya ta juyo gare ni.

"Malama, mi na yi miki?"

Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Ta bari na yi mai isata. Sannan ta ce ba ɓoyewa ta yi niyya har abada ba, so take Dije ta gama firamare ta zaunar da ita a ɗaki su biyu ta gaya mata da bakinta, ga shi na riga ta, kuma a gaban mutanen gari. Ta ce daren Asabar yarinyar ta ƙi cin tuwo, tana ta tambaya ko mayar da ita ƙauye za a yi. Ta ce ta nuna mata tabon ƙyanda a bayanta ta tambaye ta wa ya yi jinyarsa, ta nuna mata zanen da ta goya ta da shi, yana nan a ƙasan akwati. Da ƙyar ta yarda ba inda za ta.

Ina share fuska idona ya kai kan kabad ɗin kwanuka. Furen nan ja yana saƙale a jikin gilashi, gefe ɗaya da sawun takalmi. Hajiya ta ga inda nake kallo. Ta ce Sahura ce ta tsaya sai da kowa ya watse ta tsince shi, ta zo gida ta tura wa Hajiyar cikin jaka, washegari ta hau motar Tsafe.

Muna shirin tashi Dije ta shigo daga islamiyya. Ta gan ni ta tsaya cak. Ta kewaye ni nesa-nesa, kamar mai kewaye kwata, ta je ta zauna a cinyar Hajiya ta ce, "Mama, yunwa nake ji." Ban taɓa jin magana mai daɗi kamar wannan ba, ko da yake ba da ni ake ba.

Ta dawo makaranta mako na gaba. Tana gaishe ni, tana yin aikinta, amma surutun nan da take kawo mini bakin tebur ya ƙare, kuma ban ga laifinta ba. Waƙar wata tara na daina koyar da ita, sai maigadi kaɗai ke rerawa in yana shara, ni kuma in canza hanya.

Yanzu in ina son sanin uwar yaro ba na tambayar gidan suna. Shi nake tambaya wa yake kira in ya faɗi ya kurje gwiwa, duk sunan da ya faɗa kuma a kansa nake tsayawa. Jiya Madam ta sanar cewa zango mai zuwa akwai Ranar Uba, tana neman wadda za ta riƙe lasifika. Tun kafin ta rufe baki na ce ni a ba ni rabon zoɓo.