Jimloli Uku Babu In Sha Allah

A ajinmu na matan aure a Kazaure, Malama ta ba mu aikin Turanci: mu rubuta abin da za a kasance ana yi gobe, da abin da zai riga ya faru kafin wata rana. Ni mai takardar sakandare, ko tunani ban tsaya yi ba, na cika shafi da mutanen gidanmu.

Na rubuta cewa kafin Laraba akuyarmu za ta riga ta haihu. Ranar Talata ta haihu. Na rubuta cewa gobe war haka Maigida zai kasance yana tura babur a hanyar Roni. Ya dawo yana gumi, ya ce taya ce ta fashe.

Jimla ta uku kuwa ta ce kafin sallar Juma'a Inna, surukata, za ta riga ta bar gidan nan. Kuma ko ɗaya ban sa in sha Allah ba. Ranar Alhamis Inna ta fara tari.

Na yage shafin, na tsoma a ƙwarya ina wanke tawadar kamar allo, ina kuka ina istigfari. A haka Inna ta same ni, na faɗa mata komai.

Ta ce, "'Yar nan, suna za ni Gwiwa gobe. Ke kika goge mini zani."

Har yau in ta ga biro a hannuna sai ta ce, "Malama, a rubuta mini Makka, amma a sa dawowa."