Rasuwar Choti, Mai Gadin Ƙwai Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da takaici, ni Naveed Gondal na Gujranwala nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Choti, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba. Ta cika ranar Talata da la'asar, bayan shekara huɗu a bakin aiki.

Marigayiya ita ke kula da zafin injin ƙyanƙyasata. Zafi ya yi ƙasa, ka ji ƙit, ta kunna. Ya yi sama, ƙit, ta kashe. Iyakar maganarta ke nan a duniya. Amanar ƙarshe da na ba ta ƙwai tara ne, na kazar marigayi Baba, irin da ya yi shekara talatin yana kiwo. Kazar ta mutu watan jiya, su kaɗai suka rage.

Abu uku ta roƙa, kuma Usta Pervez mai gyara ya rubuta su ɓaro-ɓaro a bango: a bar mata cajarta, mai baƙin ƙullutun nan a waya da ke tace dattin wuta, kada a ƙara mata tsawon waya, kada a haɗa ta soket ɗaya da wani inji.

Ajalinta a babur ya zo: mijin yayata, Yaya Mushtaq, da ya zo kwana biyu ya yi sha ɗaya. Ina Sialkot wajen biki ya zare cajarta ya maƙala wa wayarsa, ya soka mata wata ta bakin titi, sakayau kamar fankon ashana. Sannan ya jona injin jan ruwa a soket ɗinta, don ya yi wanka na uku.

Kwana biyu ta yi tana jinya. Jar fitilarta na ƙiftawa, lambobi na rawa, tana nuna digiri talatin da bakwai alhali ciki ya haura arba'in da uku. Baiwar Allah da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, sai da ƙazamar wuta ta sa ta. Saura kwana biyu ƙwan su ƙyanƙyashe, zafin ya kashe su duka.

Da na dawo na ce, “Yaya, wa ya taɓa cajar nan?”

Ya ce, bakinsa cike da gurasa, “Haba ƙanina, caja ai caja ce. Waccan har ƙari ya fito mata a waya. Gode mini ya kamata ka yi.” Ya lashe yatsa, ya ƙara da cewa, “Ƙwan fa, ba za su soyu ba?”

Tir!

Ta rasu ta bar katin ƙwaƙwalwa da ya haukace, da 'yar fanka, da cajarta ta asali, wadda har yanzu ke jikin wayar Yaya Mushtaq.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a gindin gwabar bayan gida, inda Baba ke zama yana watsa tsaba. Ita da ƙwan tara kwalin takalmi ɗaya za su shiga. Yaya Mushtaq ne zai haƙa ramin. Babu shayi, kuma masu ta'aziyya su zo da wayarsu cike da caji.

Kejin kajin Baba kuwa, duk mai so ya zo ya ɗauka. Ba ni da abin da zan sa a ciki.