Aya, Gyaɗa da Ƙwallon Gilashi

Ko zan manta da sunana, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je gasa Sabon Gari ba. Kuma tun kafin a tambaye ni, laifin nawa ne: ni na kawo shawarar mu riƙa atisaye da abin ci.

Wani ɗan bautar ƙasa, Malam Tunde, shi ya kawo mana wani wasa makarantarmu a Samaru. Allo ne mai kusurwa shida cike da gurabu, ana jera ƙananan ƙwallayen gilashi a kai, baƙaƙe da farare. Biyu su ture ɗaya, uku su ture biyu, wanda ya fara tunkuɗa shida na abokin karawarsa waje shi ya ci. Mu dai muka raɗa masa suna ture. Matsalar ita ce allon ɗaya ne tak, kuma na Malam ne, ga shi ya kusa gama hidimarsa ya tafi da abinsa. Shi ya sa da ya ce makarantar da ta lashe gasar Sabon Gari za a ba ta sabon allo, duk 'yan ƙungiyarmu ta ture suka juyo suka zuba mini ido. Ni ne gwani (ni na fara faɗa, daga baya suka gaji suka yarda).

Tun da ba a zuwa da allon gida, sai ni da abokina Bashir muka zana namu a kan kwalin taliya. Aya ce farare, soyayyar gyaɗa baƙaƙe. Sai na ƙara doka: duk abin da ka tura waje, bakinka ne ladansa. Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar, tura, ɗauka, jefa a baki, har Inna ta fara tambaya ko ɓera ya shiga robar gyaɗarta.

Ranar gasa muka cika bas, ina gaba ina ba direba labarin yadda zan yi da 'yan Sabon Gari, tun daga Samaru har Kwangila ban haɗiye yawu ba. A babban ɗakin taron wata makaranta aka yi, wajen Chikaji. Na share zagayen farko, na share na biyu, na kai na ƙarshe, inda na tarar da wata siririyar yarinya mai gilashin ido, Nkechi. Hausa a bakinta kamar a Tudun Wada aka yanke mata cibiya.

"Kai ne mai surutun nan na Samaru?" in ji ta.

"Ni ne. Ki yi sallama da ƙwallayenki."

"To, zauna mu gani, malam gwani."

Wallahi yarinyar nan ta iya. Ta dunƙule ƙwallayenta a tsakiya kamar curin fura, duk inda na taɓa sai ta ture ni. Na yi gumin da zai cika bokiti. Amma a hankali na farke mata gefe guda, na fitar da huɗu, ita tana da uku. Bashir yana bayana yana ta salati ƙasa-ƙasa, Malam Tunde ya dafe kai da hannu biyu.

Sai na hango ta bar ƙwallo guda a bakin allo ba mai tsaronta. Na daɗe ina lissafi, na manta da mutane, na manta da ɗakin, na koma zauren gidanmu gaban kwalin taliya. Na tura. Ta biyar ta faɗa waje. Hannuna ya ɗauka, ya jefa a baki, ni kuma na gartsa da duk ƙarfina.

Ƙas!

Na rantse har a Basawa sojoji sun ji ƙarar nan. Zafi ya harba mini har tsakiyar kai, na zabura na miƙe, gwiwata ta daki teburin. Allo ya kife. Ƙwallaye suka watse ƙarƙashin kujeru, baƙi da fari, kowa yana ɗaga ƙafa. Ni kuma ina tsaye, na tofo ƙwallon mutane a tafin hannu tare da ɓallin haƙorina.

Nkechi ta gyara gilashinta ta dube ni.

"Ayya, ɗan'uwa. Da ka ce ba ka karya ba, ai akwai burodi a jakata."

Dariyar da aka yi, har alƙalin wasa sai da ya juya baya ya goge ido. Da ya juyo kuwa bai yi wasa ba: wanda ya watsa allo shi ya sha kaye. Saura ƙwallo ɗaya rak in ci.

Dariyar ba ta dame ni kamar dawowarmu ba. Ba wanda ya zage ni a bas ɗin, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Bashir ya kafe taga da ido. Malam Tunde ne kawai ya ce, cikin Hausarsa ta koyo, "Bari in ga baki. Sannu, ka ji?"

Abin da na koya shi ne, hannu ba ya sanin ranar gasa, abin da ka saba masa a zaure shi zai yi a gaban jama'a. Don haka in za ka yi atisaye, ka fara cin abinci tukuna.

Sabon allon dai ya tafi makarantar su Nkechi. Malam ya gama hidimarsa ya koma garinsu da nasa. Mun ɗan lallaɓa da kwali, amma yara suka riƙa raguwa, kafin ƙarshen zangon karatu ƙungiyar ture ta watse.